Maharbi Ba Mai Daji Ba Ne: Tuna Injiniya Haruna

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Injiniya Haruna. Hutu ya tafi gida Haɗejiya, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana shida, aka bugo mana waya da hantsi cewa Allah ya yi masa cikawa. Ina tsaye a bakin ruwa a Port Saeed, a nan Dubai, ina duba kwalayen da ake lodawa a jirgi, lokacin da labarin ya same ni. Mutuwa rigar kowa ce, na sani, amma ranar sai da wani lebura ya karɓi takardun da ke hannuna don kada su faɗa ruwa.

Mu biyar ne a fulat ɗaya a unguwar Hor Al Anz. Ni ne baƙo a cikinsu, na zo Dubai aiki a wani kamfanin kago, wato jigilar kaya, ban san kowa ba. Daga ofis sai katifa. Haruna ya girme ni da shekara bakwai, aikinsa shayar da itatuwan gefen titi. Shi ya fara nuna mini cewa a garin nan kowace bishiya da baƙin tiyo a gindinta, in aka rufe famfo mako guda sai ta bushe. Shi ne kuma ya tsamo ni daga kaɗaici, ta hanyar da ban taɓa zato ba.

Wani wasa ya koya a wurin abokan aikinsa 'yan Filifin. Ana zama a kewaye tebur, mutum ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi ɗaya ya rubuta halinsa da baiwarsa a takarda. In jaruminka zai yi wani abu mai wuya, sai ka jefa ɗan lido mai fuska ashirin, lambar da ta fito ita ke nuna ko ka dace. Babu kuɗi a ciki, babu wanda ya ci wani. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Haruna zai sayo shayin karak a ƙasan bene, ya shimfiɗa taswirar da ya zana da hannunsa, ya ce, “Yalla, a zauna.” Mu yi ta yi har la'asar sakaliya.

Littafin dokokin wasan da Turanci yake, Haruna ne ke mayar mana da shi Hausa. A ciki akwai jarumai iri uku da ƙarfinsu ke fitowa daga daji, shi ya raɗa musu suna: mai daji, maharbi, da mai magani. Ni na ɗauki mai daji. Kabiru, ma'aikacin jinya da muke ɗaki ɗaya, ya ɗauki maharbi. Ba a yi mako uku ba na fara ƙorafi, don a littafin duk abin da nawa zai yi na Kabiru ma zai yi. Dukansu suna jin maganar dabba, dukansu suna warkar da rauni. Na ce to ina amfanin sunaye daban-daban? Haruna ya ce kama da wane ba wane ba ne, in yi haƙuri in gani.

Na gani kuwa. A labarin, jarumanmu suka isa wani ƙauye da rijiyarsa ta ƙafe. Na zabura na ce mai dajina zai kira ruwa, na jefa ɗan lido, lamba mai kyau ta fito. Ina jiran yabo sai Haruna ya dube ni.

“Ruwa ya zo, ƙanena. Amma daga ina ka ɗebo shi?”

Na ce ai sihiri ne. Ya ce ko a tatsuniya ruwa ba ya fitowa daga babu. Ya ci gaba da labari: rijiya ta cika, mutanen ƙauye suna guɗa, amma fadamar da ke bayan tsauni ta tsotse, kifi ya mutu a taɓo, kuma daga ranar duk itacen da mai dajina ya yi wa magana sai ya yi masa shiru. Wata biyu ina wasa da jarumin da daji ya yi fushi da shi. Na ji haushi ƙwarai, har na ƙi zama wata Juma'a.

Daga baya Haruna ya zaunar da ni ya warware mini. Mai daji, in ji shi, ɗan gida ne a daji, ƙarfinsa amana ce, roƙo yake yi a ba shi, kuma duk abin da ya karɓa wani wuri ne ya rasa. Maharbi ba ya roƙon kowa. Ƙafarsa da idonsa ne suka koya masa daji, da shi ne a ƙauyen nan sai ya bi tsuntsaye da yamma har su kai shi ga ruwa. Mai magani kuwa saninsa a ganye da saiwa yake, gado ne daga hannu zuwa hannu, in ka raba shi da jakarsa ka gama da shi. Wanda ya yi shekaru yana lissafin ruwan da kowace bishiya ke sha ba zai yarda a yi wasa da ruwa ba, ko da a takarda ne.

Ana haka sai maganar ta kai kunnen Alhaji Sabo. Ɗan kasuwa ne daga Kano, yana sayen takalma da turare a kasuwar Al Sabkha yana aikawa gida, kuma da sunansa aka kama fulat ɗin. Dattijo ne mai tsare addininsa. Ya ji ana ta ambaton sihiri a falo, ya kira Haruna ya ce khalas, ko a daina ko Haruna ya nemi wani masauki kafin ƙarshen wata. Duk wanda ya san wahalar samun ɗaki a yankinmu na Deira ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ni kuwa na san in Haruna ya tashi, zan koma zaman katifata.

Haruna bai yi musu ba. Ya rusuna ya ce, “Baba Alhaji, gidanka ne, hukuncinka za a bi. Alfarma ɗaya nake nema, ka zauna da mu sau ɗaya. Gani ya kori ji.”

Alhaji ya zauna a kujerar nesa da carbi a hannu, fuska a ɗaure. Aka yi kusan sa'a guda ana wasa. Sai labari ya kai inda yunwa ta kama jarumai, Kabiru ya ce maharbinsa zai karanta wasu kalmomi barewa ta zo gabansa ta durƙusa. Alhaji ya ajiye carbi.

“Kai, ƙarya ne! Wane maharbi ne wannan? Ka duba inda iska ke kaɗawa? Ka taɓa kashin dabbar ka ji ko da ɗuminsa?”

Ashe mahaifinsa maharbi ne a dajin Falgore, ba wanda ya sani a cikinmu. Ya matso da kujera ya shiga bayani: yadda ake sakin toka daga tafin hannu a ga hanyar iska, yadda ake gane sawun jiya da na yau, da dalilin da ya sa ba a harbin mai ciki. Haruna ya jawo littafinsa yana rubutawa kamar ɗalibi a gaban malami, yana tambaya, Alhaji yana ƙarawa. Har aka kira sallar la'asar ba a sake jefa ɗan lido ba.

Bayan salla Alhaji ya gindaya sharuɗɗansa. Ba za a ambaci sunan wani aljani a gidansa ba, in an kira salla a tashi, kuma a daina laƙa wa mutanen kirki sihiri. Haruna ya amince. Daga ranar ƙarfin maharbi ya koma sani, na mai magani ya koma sirrin ganye, na mai daji ya tsaya a amana. Kalmar sihiri muka bar wa mugayen cikin labari. Abin mamaki, wasan ya fi daɗi, don yanzu ba mai rikita jarumi da jarumi. Alhaji bai ɗauki jarumi ba a lokacin, amma ba ya fashin zama, yana gyara wa Kabiru kuskure yana cewa shwaiya shwaiya, wato a hankali, maharbi ba ya gaggawa.

Da Haruna ya rasu muka naɗe taswirar. Fiye da shekara biyu ba wanda ya taɓa ta. Kabiru ya koma wani asibiti a Sharja, wasu suka tafi, wasu suka zo. Sai annobar korona ta rufe gari, jirage suka tsaya, Alhaji ya maƙale a nan, kwantenarsa a tashar ruwa, iyalinsa a Kano. Muna zaune a falo muna kallon juna, kowa da tsoronsa. Wata Juma'a da ba a je masallaci ba, bayan mun yi azahar a gida, Alhaji ya dube ni ya ce in ɗauko takardun yaron nan. Ni na ja labari ranar, Kabiru ya shigo ta waya. Alhaji ya ɗauki nasa maharbin, ya sa masa sunan mahaifinsa.

Ina yawan tambayar kaina me Haruna zai ce da ya ga teburinsa yau. Mu bakwai ne yanzu, uku ta waya. Akwai wani Bazabarme ɗan Yamai da ke jefa Faransanci a tsakiyar yaƙi. Akwai Hadiza, ƙanwar Haruna, da ke karatun haɗa magunguna a Kano. Ita ta nemi lambata don ta ji yadda yayanta ya rayu a nan, na ba ta labarin wasan, ta ce a sa ta. Ta ɗauki mai magani, ba ta jima ba ta ce littafin yayanta da gyara. Ya rubuta cewa mai magani ba shi da komai in babu jakarsa, ita kuwa ta ce kakarsu ko a baƙon daji aka ajiye ta sai ta samo abin da za ta jiƙa. Ta kuma kawo jarumi na huɗu, 'yar sarkin ruwa, wadda ƙarfinta ke ƙaruwa da damina ya ragu da rani. Na daɗe da fensir a hannu kafin na iya jan layi a kan rubutun Haruna. Amma na san shi. Da zai yi gardama da ita rabin sa'a, sannan ya ce ta maimaita a hankali ya rubuta.

Ban san waɗanne itatuwa ne nasa a titunan garin nan ba, kamfani ba ya rubuta sunan wanda ya dasa. Bai bar gida ko mota ba. Ya bar 'ya ɗaya, da littafi mai bangon shuɗi da ya kusa cika da rubutun mutane huɗu. Abin da na fi riƙewa shi ne halinsa na ƙin yi wa abubuwa kuɗin goro, ko jarumai a takarda ko mutane a falo. Kowa sai ya bincika inda ƙarfinsa yake.

Watan jiya na raka Alhaji filin jirgi. A mota ya gaya mini cewa shekara arba'in yana kasuwanci bai taɓa faɗa wa abokin ciniki sana'ar mahaifinsa ba, kunya yake ji, har 'ya'yansa sun tashi suna zaton kakansu manomi ne kawai. Haruna ne mutum na farko da ya tambaye shi, ya kuma ɗauki amsar da daraja har ya rubuta. Ya ce wannan zuwan zai kwashi jikokinsa ya kai su bakin dajin, ya nuna musu yadda ake sakin toka.

Allah ya jiƙan Haruna, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari.