Aljihun da Ɗan Azumi ya ɓoye a hammata

Ɗan Azumi tela ya kafa kekensa a bakin kasuwar Tanut a shekarar 1974, kuma har yau rumfar tana nan inda take, sai dai an canja mata rufi sau uku. Mun zauna a benci ɗaya da shi a lakkol ta 'yan mishan a Damagaram. Bayan shekara biyu mahaifinsa ya ɗauke shi ya kai shi koyon ɗinki. Abin da ya rage masa na makarantar shi ne bai yarda da awon ido ba, komai sai ya sa igiyar awo.

A zamanin da kokawar kaka take tashe, shi ke ɗinka wa 'yan kokawar Damargu rigunan shiga fili. Kowane ɗan kokawa yana da layarsa, kuma ba ya so abokin karawa ya san inda take. Don haka Ɗan Azumi yakan yi wani ɗan aljihu a ciki, ƙarƙashin hammatar hagu, faɗin yatsa biyu, ya rufe layar da baƙin zare. In kaka ta wuce, mai rigar yakan farke aljihun ya cire abinsa kafin ya yi kyauta da ita.

Bara, ranar wata Asabar, ina zaune wurinsa sai ga Radiya, malamar asibiti, riƙe da leda. Mahaifinta Mato ya yi shekara goma sha ɗaya yana yi wa ɗan kokawa Nafi'u na Falanko kiɗa. Nafi'u ya daɗe da rasuwa, Mato kuma idonsa ya tafi, jiki ya yi rauni. Radiya ta sayo wata rigar kokawa a wurin wani mai tsoffin kaya a Damagaram, koriya, da sunan Nafi'u rubuce a ƙirji da shuɗin bik. Mutumin ya rantse mata cewa Nafi'u ya rubuta da hannunsa.

"Baba, ka duba mini," ta ce wa Ɗan Azumi. "Gobe zan kai wa mahaifina. In jabu ce, gara kada ya taɓa ta. Ka san halinsa, in ya gane zai yi shiru ne, ya yi mini godiya."

Ɗan Azumi ya sa tabarau ya dubi rubutun, sai ya yi dariya.

"Nafi'u ne ya yi wannan? 'Yata, mutumin da ko takardar aurensa da babban yatsa ya dangwala? Bik ɗaya na taɓa gani a hannunsa, kunne yake sosawa da shi."

Radiya ba ta yi dariya ba. Ta miƙa hannu za ta karɓi kayanta.

"Dakata mana, 'yar gaggawa. Haka kike yi wa marasa lafiya?"

Ya juya rigar ciki waje, ya shimfiɗa ta a kan keken, ya auna kafaɗa: santimita hamsin da takwas. Ya ce a duk waɗanda ya ɗinka wa, mutum biyu ne suka kai haka, ɗayan kuma ɗan Olelewa ne, ja yake sawa. Sannan ya ɗaga hannun hagu. Aljihun yana nan, a farke, da guntayen baƙin zare a bakinsa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ɗinkina ne," ya ce. "Kakar 1988. Mahaifinki ne ma ya rako shi awo, suna ta gardama kan launi. Rubutun na mai kaya ne, ya ga kamar riga ba za ta isa ita kaɗai ba."

"To in wanke shi?"

"Yadin ya tsufa, ba zai jure ba. Ki faɗa masa gaskiya, kuma kada ki nuna masa komai. Ki miƙa masa kawai."

Washegari da hantsi muka raka ta, ni da shi. Mato yana kan tabarma a zaure. Radiya ta durƙusa ta ce ga rigar Nafi'u, amma wani ya yi rubutu a kanta da sunansa.

"Nafi'u da rubutu!" in ji Mato.

Ya karɓa, ya shafa wuyan, ya bi kafaɗa da tafin hannu, ya gangara hammatar hagu. Yatsunsa biyu suka shige aljihun. Ya bar su a ciki. Daga nan ya ɗaga kai wajen da ya ji numfashinmu.

"Ɗan Azumi, kana nan ko? Na ce maka ja za a yi, ka ƙi."

"Nafi'u ne ya ce kore," in ji tela.

Mato ya ninke rigar ya sa ƙarƙashin matashinsa, ya ce Radiya ta kawo mana ruwa.