Kabewar Verna

A ƙauyenmu da ke gindin duwatsun Montana, ko ƙaramin yaro ka tambaya ya san Verna Hovland, mai tuƙa motar 'yan makaranta, mai ido ɗaya. Ni dai katanga ce ta raba gidajenmu tun muna amare, saboda haka kada wani ya zo ya ce zai gaya mini halinta.

Tana budurwa ta rasa idon hagu. Yayanta ne ya ɗura albarushi a harsashi da hannunsa, kamar yadda kowa ke yi a nan, ya duba gindin kwanson da ya harba, ya ce lafiya lau, albarushin bai yi yawa ba. Ya miƙa mata bindiga. Bindiga ta tsage, ƙarfe ya samu ido. Da wata ce, da ta bar farauta har abada. Verna kuwa da ta warke sai ta koyi ɗuri da kanta, ta kuma kafa doka guda: duk sabon ɗuri, sai an ɗaure bindiga a jikin tsohuwar taya, an ƙulla igiya a kunama, an aza kabewa daidai inda kumatu ke zama, sannan ta laɓe bayan mota ta ja. Mazan gari suka sa mata suna Mai Taya. Shekara da shekaru kabewa ba ta ko ƙwarzane ba, ana ta dariya, ita ko a jikinta.

Mijinta Orval mutumin kirki ne, sai dai son na'ura kamar ciwo. Yana da kwamfuta mai lissafa ƙarfin matsin da albarushi zai yi cikin bindiga, yana da na'urar auna gudun harsashi, har da wata 'yar waya da ake mannawa a jikin ƙarfe ta faɗi yadda ya buɗa. Kuma gaskiya ya iya abinsa, bai taɓa fasa bindiga ba.

To, a shekarar da nake ba ku labari sunan Verna ya fito a ƙuri'ar samun izinin farautar ragon dutse. Mutum sai ya tsufa yana shiga bai samu ba. Ta shigo mini kicin tana ihu har na ƙona biredi. Orval don murna ya ƙudura zai yi mata ɗuri na musamman, a ɓoye, kyauta. Da yake ba ya son ta sani, bai taɓa bindigarta ba. A tasa ya yi duk gwajin, tunda harsashi iri ɗaya suke ci.

Ana saura kwanaki kaɗan a tafi ya miƙa mata akwatin harsashin, har da ƙyalle ja a ɗaure. Ina wurin. Ta yi godiya, ta shafa masa sanƙo, sannan ta ce, "Tsoho, mirgino mini tayar nan."

Fuskar Orval ta canza. "Haba Verna! Nawa ɗurin za ki kai taya? Ni?"

"Ko na limamin coci ne sai ya hau taya."

"Na'ura uku suka ce lafiya! Uku! Kwamfuta ta ce akwai sauran fili."

"Kwamfutar taka ido nawa gare ta?"

"Ke dai kin fi yarda da kabewa a kan mijinki."

"Kabewa ina da su cike da lambu," in ji ta. "Wannan kuwa shi kaɗai ya rage mini." Ta nuna idonta.

Wallahi na tausaya masa. Ya yi watanni yana wannan aikin, ga shi a gabana aka yi. Na ce, "Verna, ki bar shi mana, sau ɗaya dai." Ta watsa mini wani kallo.

Muka fita bayan rumbu da hantsi, rana ta fara zafi. Orval ya ƙi taɓa komai, ya harɗe hannu yana huci. Ita ta ɗaure bindigar, tsohuwa ce ta mahaifinta, ta aza kabewa, ta warware igiya har bayan mota. "Ku sunkuya," ta ce. Orval ya ce shi ba zai sunkuya wa aikin hannunsa ba. Ta kama ɗamararsa ta fizgo shi ƙasa, ta ja igiya.

Ƙarar ba irin ta harbi ba ce. Kunnena ya toshe, kajina suka watse can gida. Da muka leƙa, hayaƙi na fita ta inda bai kamata ba, katakon bindigar ya dare biyu. Kabewar na nan zaune a wurinta, sai dai wani tsinken ƙarfe ya shige ta ya ɓullo ta baya.

Orval ya je ya ɗauki kabewar, ya sa yatsa a ramin. Daga baya maƙerin bindigogi ya ce na'urorin ba su yi ƙarya ba, gaskiyar bindigar Orval suka faɗa. Bindigar Verna kuwa maƙogwaronta, wato mashigar harsashi cikin bututu, matsattse ne, ga tsufa, kuma ba wanda ya gaya wa kwamfuta haka. Amma a lokacin Orval bai nemi bayani ba. Ya juyo yana kallon idon matarsa kamar yau ya fara ganinsa, sai ga hawaye, ƙaton mutum da gemu.

"Ya isa, tsoho," in ji ta. "Share majinar nan. Ara mini bindigarka, ka kawo wata kabewar."

Shi da kansa ya ƙulla igiyar a wannan karon. Tasa ta harba lafiya ƙalau.

Suka hau dutse tare, yana ɗauke mata kaya yana haki. Da suka dawo, tun daga kan titi Orval ke danna ham, ƙahon rago na leƙowa ta bayan mota, mai kauri kamar cinyata. Duk gari ya fito. Wani daga cikin masu tsokanarta ya ɗaga murya, "Mai Taya, harbi nawa?"

Verna ta leƙo ta taga. "Ɗaya," ta ce, ta ƙyafta masa idon.