Matar Da Ta Wanke 'Yata

'Yata ta fari ba ta duniya. Ba na faɗin sunanta tun tana raye, yanzu ma ba zan faɗa ba.

A Funtuwa take aure. Aka bugo mana waya cewa santsi ya kwashe ta a banɗaki. Kafin mu iso daga Malumfashi har an kai ta makwancinta. Ko fuskarta ban gani ba.

Mijinta Mudassir ya yi kukan da sai da maza suka riƙe shi. Bayan nan duk Juma'a yana gidanmu da lemo da kankana, ya durƙusa har ƙasa.

Da ya nemi a ba shi ƙanwarta Zinatu ta maye ɗakin, kowa ya ce madalla. Ita ma tana so. In ya kira ta, sai ta shige ɗaki tana dariya ƙasa-ƙasa.

Aka sa rana.

Wata rana na je Funtuwa in duba kayan ɗakin marigayiya, in ga abin da za a sabunta. Mudassir yana wurin aiki, ya bar mini makulli a maƙwabta.

Na leƙa banɗakin. Siminti ne mai kaushi, ko da sabulu ba ya santsi.

Na juyo ƙofar uwar ɗaka. Sakata ce babba, sabuwa.

Ta waje aka sa ta.

Na fita na tambayi mai tuyar awara a ƙofar gida wa ya yi wa 'yata wanka. Ba ta ɗago kai ba, ta nuna mini wani gida da matsami.

Na shiga na tarar da wata tsohuwa tana tsintar wake a faifai. Da na faɗi ko ni wace ce, hannunta ya tsaya.

Na ce, "Iya, don Allah me kika gani a jikinta?"

Ta ce, "'Yar nan, mai wanka ba ta da baki. Abin da na gani na rufe shi da likkafani."

Na ce, "Ƙanwarta za mu ba shi."

Faifan ya suɓuce mata, wake ya watse.

Ta kama hannuna ta ce, "Ban ce miki komai ba. Amma ko akuyata ba zan ɗaure a gidan nan ba."

Ina fitowa na ga Mudassir jingine da motarsa, yana murmushi.

"Mama, me ya kai ki gidan Iya?"

Na ce godiya na je yi.

Ya ce sai ya kai ni tasha. Duk hanya yana ba ni labarin fentin da zai yi wa Zinatu, ni kuwa hannunsa nake kallo a kan sitiyari, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Na gaya wa Malam, mahaifinsu. Ya ce a mayar da kayan sa-rana.

Zinatu ta ce zargi ne, tsohuwar ma ai ba ta faɗi komai ba. Ta daina cin abincina.

Da labari ya kai wa Mudassir, ya zo. Zinatu ta fita zaure da gudu ta ba shi haƙuri. Ina bayan ƙyaure.

Ta ce, "Ka ɗan jira su huce."

Ya ce, "Ni za a wulaƙanta?"

Ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba. Sai na ji ƙararta.

Na banka ƙyauren. Ya murɗe mata hannu ta baya, ya danna kanta a bango. Da ya gan ni ya sake ta, ya gyara hula.

"Mama, wasa muke."

Zinatu ta rarrafo ta ɓuya a bayana kamar ƙaramar yarinya. Abin da ta iya cewa kawai, "Haka Yaya ta zauna?"

Maganar tana hannun hukuma yanzu. Har yau in mota ta tsaya a ƙofar gidanmu, gabana sai ya faɗi.

Darasi: Durƙuso a zaure ba shi ne hali ba. Ku je gidajen 'ya'yanku, ku shiga har ciki, ku duba da idonku, ku tambayi maƙwabta.

Ku tura wa duk uwar da ke da 'ya a gidan miji.

Ku taya ni roƙo: Allah Ya ji ƙan 'yata, Ya haskaka kabarinta, Ya buɗe wa duk wadda aka kulle ƙofa. Ku ce amin.