Kwalbar Ƙasa daga Bayan Ɗakina

Ina cikin takabar Malam baƙuwar ta zo. Kusan shekara hamsin muka yi a gidansu na Ƙofar Kuyambana, yana ɗinkin manyan riguna a zaure, ni ina ciki ina kaɗi. 'Ya'ya huɗu na haifa masa, babu wanda ya kai yaye. Da ya rasu, gidan ya koma hannun ƙaninsa, Alhaji. Wata safiya ya tsaya a bakin ƙofata ya ce, "Yaya, in kin fita takaba sai a nemi motar da za ta kai ki gida." Gida, wai ƙauyenmu, inda babu sauran mai gane fuskata. Ɗansa ne zai yi aure, ɗakina ake so.

Baƙuwar daga Amurka take, baƙar fata, doguwa, ta manyanta. 'Yar Alhaji mai koyarwa a jami'a ce ta kawo ta, ita ke yi mana tafinta. Wai a can an gwada yawun bakinta, aka ce mata kakannin kakanninta Hausawa ne da aka kwashe zamanin bauta. Yawu fa!

Ranar da ta sauka, ina zaune a ƙofar ɗakina ina jin komai. Ta ce da tsoro ta taho, domin a ƙasarsu akwai fararen fata masu tashi su tafi Turai, su shiga wani gari su ce, "Kakana ɗan nan ne, ni ɗan'uwanku ne." Mutanen garin su dube su, su ce, "Kai dai Ba'amurke ne, ko gaisuwarmu ba ka iya ba." Wani lokacin har da dariya.

Alhaji ya ce, "Gaya mata mu ba Turawa ba ne. Ta dawo gida."

Aka yanka mata rago, aka raɗa mata suna, aka ƙunsa mata lalle. In ta ce "sannu" a karkace sai tsakar gida ta ɗauki guɗa. Ni kuwa da na zo amarya, shekaru aka yi ana kwaikwayon maganata, har na yi furfura ana ce mini matar ƙauye. Allah ya yafe mini, a raina na ce da ma a yi mata irin dariyar Turawan, ko sau ɗaya.

Ana gobe za ta koma, bayan la'asar, na ji motsi a bayan ɗakina. Na leƙa, sai ga ta durƙushe da cokali tana ɗurar ƙasa a 'yar kwalba, 'yar Alhaji na tsaye a kanta.

"Ke! Me take tona mini?"

"Gwaggo, ƙasar kakanninta za ta tafi da ita. Nan ta ga ya fi laushi."

"Dole ya yi laushi. Nan na yi wankan jego sau huɗu. Nan aka binne mabiyiyar kowannensu da cibiyarsa. Gaya mata ta zuba mini ƙasata. Ita ta tofa yawu an ce mata 'yar gida, ni da na zuba wa ƙasar nan 'ya'ya ana nema mini mota!"

"Haba Gwaggo, in faɗa mata haka?"

"Kada ki rage ko ɗaya."

Ta faɗa. Baƙuwar ta juye kwalbar, ta shafe wurin da tafin hannunta, lallenta duk ya ɓaci. Tana kuka, ina kuka, amma nawa da haushi. Ta yi ta tambayar 'yar Alhaji, wace mota, zuwa ina. Daga nan ta miƙe ta nufi zaure. Ban san abin da ta gaya wa Alhaji ba, amma bayan magariba ya shigo yana sosa ƙeya.

"Yaya, ai maganar motar nan wasa nake miki. Yaron sai a gyara masa shagon waje."

"Wasa ne, Alhaji?"

"To, baƙuwa ta roƙa. Ba ma so ta je can ta ce mun kori tsohuwa."

Ga ni nan a ɗakina, na fita takaba, babu wanda ya sake ta da maganar. Ya kamata in gode mata, kuma ina yi mata addu'a. Amma abin yana cina. Kwana kaɗan ta yi a gidan nan, bakinta ya tsayar da abin da aurena duka bai tsayar ba. In ta bugo waya ranar Juma'a, sai a kawo mini, a ce in gaisa da 'yata. Ina karɓa in ce mata sannu, ita ma ta ce sannu, in mayar musu da wayarsu. Matan gidan yanzu uwar Ba'amurkiya suke kirana, kuma da wannan sunan ne yara suka fara durƙusawa in za su gaishe ni.