Warin da Ya Riga Malam Labaran Zuwa Japan

Malam Labaran mutumin wani ƙauye ne a gefen Ringim. Ya shigo Kano yana saurayi da niyyar cin rani, wani ɗan garinsu ya kai shi kamfanin fata a Challawa, damina ta zo ta wuce bai koma ba. A can ya yi gemu, a can kuma gemun ya yi fari. Da farko dakon fatu yake yi daga mota zuwa rumfar gishiri. Daga baya aka mai da shi ɓangaren jiƙo, inda ake zuba fatun awaki cikin manyan duramai na katako tare da farar ƙasa da wani kemikal mai warin baragurbi, su yi ta juyawa har gashi ya saki. A ƙarshe shi ya zama babba a ɓangaren.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Challawa ya san wannan warin. Mai wucewa zai toshe hanci ya ƙara mai, shi kuwa Malam Labaran a ciki yake wuni. Tun a farkon aikinsa, wata rana ya shiga bas zai koma gida, wata mata da ke kusa da shi ta ja mayafi ta rufe hanci, ta ce wa kwandasta a sauke ta. Ba ta yi masa magana ba, ko kallonsa ba ta yi ba. Washegari ya fara neman keke. Daga keke ya koma babur, amma bai sake shiga motar haya daga wajen aiki ba.

Abin bai tsaya a mota ba. A Na'ibawa, inda ya gina gidansa, magidantan layin sukan fito da tuwonsu bayan magariba su haɗu a tabarmar ƙofar gidan Abdulbaƙi tela, a jera kwanuka a ci tare. Kwanon Malam Labaran kullum yana fita, shi ne dai ba ya fita. Zai yi wanka a kamfani, ya dawo gida ya sake wani, ya shafa turare, sannan ya zauna a soro shi kaɗai ya ci ɗan abin da matarsa Indo ta rage masa. A masallaci ƙarshen sahu yake tsayawa, ta wajen ƙofa. Abdulbaƙi ya yi kira har ya gaji, ya koma tsokana, yana cewa Labaran ya fi ƙarfin cin tuwo da talakawa. Indo kuwa ta sha gaya masa cewa warin a hancinsa yake, ba a jikinsa ba. Idan aka matsa mata da tambaya takan ce, to, da damina akan ɗan ji a rigar aiki, amma rigar ai a bayan gida take kwana. Shi dai bai yarda ba. A ganinsa abin da ya yi shekara da shekaru yana shiga fatar akuya, ba yadda za a yi ya ƙi shiga ta mutum.

Tafiyar Japan ta zo ne ba zato. Kamfanin ya sayi sabon injin kankare fata daga can, masu injin suka ce a turo mutum biyu su koyi sarrafa shi. Aka zaɓi Elisha, mai gyaran wutar kamfanin, ɗan Kafanchan mai yawan dariya, saboda yana jin Turanci. Aka haɗa shi da Malam Labaran saboda a ɓangarensa za a kafa injin. Elisha murna yake ta yi. Malam Labaran kuwa abin da ya fara tambaya shi ne ko a jirgi mutum zai iya zaɓar kujerar da babu kowa a gefenta. Duk kayan da ya tafi da su sababbi ne, har hula da safa. Jakar ma bai bari ta kwana a ɗakinsa ba, a ɗakin 'yarsa Mas'uda aka ajiye ta.

Koyon injin ya tafi lafiya. Wanda ya koya musu wani dattijo ne mai suna Kuroda, ɗan siriri, ba ya son magana sai nuni da hannu, abin da ya yi wa Malam Labaran daidai. Da suka gama, Kuroda ya ce ba za su koma gida ba sai ya kai su Kusatsu, wani tsohon gari a cikin duwatsu inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, mutane suna zuwa wanka tun zamanin kakanni. Elisha ya ce ai ya san irinsa, ya taɓa zuwa ruwan ɗumin Wikki a Yankari. Kuroda ya yi murmushi kawai.

Jirgin ƙasa suka fara hawa, sannan bas. Lokacin sanyi ne, an rufe tagogi, an kunna abin ɗumama mota. Bas ɗin cike yake da tsofaffi da 'yan mata masu ɗaukar hoto, hanya tana ta lanƙwasa tana hawa. Sun kusa isa ke nan Malam Labaran ya ji shi. Kaɗan ne da farko, sai ya ƙaru. Warin ɓangaren jiƙo ne, babu ko tantama. Abin da ya zo masa shi ne ɗumin motar ya sa shi gumi, gumin kuma ya fito da abin da ke kwance a fatarsa. Ya ja zif ɗin rigar sanyinsa har wuya. Ya fito da 'yar kwalbar turare ya shafa a hannu da gemu. Da ya ga wata tsohuwa ta waiwayo, sai ya miƙe a hankali, ya bi ta tsakiyar mota yana dafa kujeru, ya koma can baya inda babu kowa.

Elisha ya biyo shi ya zauna, yana shinshina hammatarsa.

"Baba Labaran, ni ne ko ku ne?"

"Ni ne, Injiniya. Koma wajenka kada a haɗa da kai."

"Anya? Ni fa tun ɗazu nake zargin takalmina."

Haka suka ƙarasa, manyan mutane biyu a kujerar baya, kowa yana ƙoƙarin ɗaukar laifi. Da bas ya tsaya Malam Labaran ya bari kowa ya sauka tukuna. Yana sa ƙafa a ƙasa warin ya buge shi fiye da na cikin mota. Daga iskar garin yake fitowa. Ya tsaya yana waige-waige, ya ce wa Elisha ya tambayi Kuroda ina kamfanin fatar garin yake. Kuroda ya ce babu, ya yi musu alama su biyo shi.

A tsakiyar garin akwai wani fili da aka kewaye da shinge. Ruwa ne kore-kore yake fitowa daga ƙasa yana tururi, an yi masa dogayen kwatamai na katako yana bi, a ƙarshe ya zubo kamar daga indararo. Gefen katakon duk ya yi rawaya. Kuroda ya ce farar wuta ce, ita ke wannan wari. Kewaye da wurin shaguna ne da masaukai, mutane sun yi cincirindo a jikin shinge, wasu suna cin wani ɗan burodi mai wake a ciki, ma'aurata suna ɗaukar hoto a cikin tururin. Malam Labaran ya bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Bai ga wanda ya rufe hanci ba.

Kusa da wurin akwai wata 'yar rumfa mai bencin katako, da ruwan a ƙasa, inda mutane ke zama su tsoma ƙafa. Kuroda ya zauna ya cire takalmi, ya naɗe wando. Nan ne Malam Labaran ya yi abin da har yau Elisha yake ba da labarinsa a kantin kamfani. Ya yi wuf ya riƙe dattijon a kafaɗa da hannu biyu, ya hana shi sauke ƙafa. Shi a iya saninsa, ruwan da ke wannan wari ba a taɓa shi sai da takalmin roba da safar hannu. Ya ga abin da ya yi wa ƙafar wani abokin aikinsa, Mamman, da takalminsa ya huje bai sani ba. Ya ce wa Elisha ya gaya masa ruwan nan zai tsige masa gashi, ya bi da fata.

Elisha ya fassara da ƙyar saboda dariya. Kuroda bai yi dariya ba. Ya ce gaskiya ne ruwan yana da ƙarfi, mutanen garin ma suna cewa idan aka bar ƙusa a ciki yakan cinye ta a hankali, amma ba irin na kamfani ba ne, kuma shi tun yana yaro yake shiga. Sannan ya tsoma ƙafafunsa. Malam Labaran ya tsuguna a gefe yana kallon ƙwaurin dattijon kamar yadda yake duba fata a bakin duram. Da aka jima ya miƙa yatsa ya murza gashin. Yana nan daram.

Malam Labaran ya cire takalmi da sabuwar safarsa, ya yi bisimilla. Wurin da ya rage a bencin ɗan kaɗan ne, tsakanin Kuroda da wani ƙato mai jakar goyo. Ya so ya jira a ragu, ƙaton ya matsa ya buga katakon da tafin hannu. Ya zauna, kafaɗarsa tana gogar ta mutumin. Ruwan ya yi zafi har sai da ya ja numfashi, daga baya ya ji tsohon ciwon dugadugansa yana sakinsa. Mutumin ya ce masa wani abu da Japananci, ya nuna tururin, ya shaƙa da ƙarfi ya lumshe ido. Malam Labaran ya ce masa, da Hausa, wannan ai kaɗan ne.

Sauran yawon bai dame shi sosai ba. An kai su wani zaure inda mata ke juya ruwan zafi da dogayen alluna suna waƙa don ya huce, ya ce haka suke juya fata a rami kafin a kawo duramai, sai dai su ba sa waƙa. An kai su wani kwari a bayan gari inda ruwan ɗumi ke gudu tsakanin duwatsu. Babban wurin wankan kuwa, da ya ji cewa tuɓewa ake yi gaba ɗaya, ya ce a gaishe su. Elisha ma da ya cika baki bai shiga ba. Suka koma rumfar tsoma ƙafa, suka zauna har yatsunsu suka yi yaushi.

Tsarabar da ya kawo ba ta da yawa: tawul mai rubutun Japan na Indo, 'yar lema ta Mas'uda, da hoton ƙafafu shida a cikin ruwa, wanda har yau yake jikin bangon soro. A wajen aiki bai sassauta komai ba. Wanda ya shigo ɓangaren jiƙo ba takalmin roba, korar sa yake yi, yana cewa nan ba Kusatsu ba ce.

Ranar da ya koma aiki, ya dawo gida ya yi wankansa na biyu kamar kullum. Bayan magariba Mas'uda ta ɗauko kwanon tuwo za ta bayar a kai waje, ya ce ta kawo. Ya ɗauka da kansa, ya fita. Indo ta biyo shi har bakin soro ta tsaya tana leƙe.

Ya yi sallama, ya ajiye kwanon a tsakiya, ya tsaya. Abdulbaƙi ya ɗaga kai ya dube shi, ya shaƙi iska da gangan.

"Malam Labaran, wani ƙamshi nake ji. Na Challawa ne ko na Japan?"

"Duk ɗaya ne. Can har layi ake yi a shaƙa. Matsa mini."

Abdulbaƙi ya matsa. Malam Labaran ya zauna, ya wanke hannu, ya sa a kwanon da ya fi kusa da shi, wanda ba na gidansa ba ne. Ya ci loma biyu, ya ce miyar gidan tela gishiri ya yi mata yawa.