Sualah Mai Waakye

Alima tana shimfiɗa zanin gado a wani ƙaramin otal na unguwar Al Buteen a Dubai sai wayarta ta yi ƙara. Bashar ne, ɗan Kano mai harkar kago, wato jigilar kaya. Ya ce mata Sualah ya faɗi a gaban tukunya, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ta zauna a bakin gadon.

Ita da Sualah unguwarsu ɗaya a Zongon Kumasi. Uwar Sualah, Maimuna, waakye take sayarwa, shinkafa da wake irin na Gana, ba ta kuma da 'ya mace, don haka shi ya tashi a gindin murhu. A wurinta ya ɗauki ɗaura zani a kan wando saboda maiƙo, da lanƙwasa hannu in yana magana, da tattausar murya. A gida babu wanda ya taɓa ɗaga kai ya dube shi sau biyu.

Da ya zo Dubai yana girki a wani fulat a Al Muraqqabat, sai 'yan kasuwar Kano suka ga namiji da zani da ludayi. A garinsu wannan sunansa ɗaya ne: ɗan daudu.

"Hajiya, a ƙaro miya!" Haka suke kiransa, suna dariya.

"Sualah nake, Alhaji," yakan ce, ya zuba musu.

Akwai Ɗalhatu, ɗan daudu mai saro atamfa, wanda ya so shi tsakani da Allah. Duk zuwa sai ya kawo masa turare, ya ce, "Ƙawata, ki daina wahalar da kanki. Tamu ce ke, mu raɗa miki suna ki huta." Shi kuwa Bashar, bayan sallar Juma'a yakan ja shi gefe ya ba shi shawara: ya yar da zanin nan, ya tara gemu, ya buɗe murya kamar maza, kafin wasan ya kai kunnen maigidansa a soke masa biza.

Sualah ya gwada. Wata guda yana girki babu zani, yana kumbura murya har maƙogwaro ya yi masa ciwo. Ya je zaman su Ɗalhatu sau ɗaya, ya sha shayi, ya dawo ya ce wa Alima mutanen kirki ne, amma ya ji kamar ya sa takalmin wani. Daga nan ya mayar da zaninsa, ya rage magana. Shekarun ƙarshe in an ce Hajiya ma ba ya gyarawa. Gajiya ce kawai.

Ranar hutunta ta ƙarshe kafin rasuwarsa, Alima ta same shi yana soya shito, yajin nan baƙi na gida, idanunsa jajur don hayaƙi. Ya juyo ya dube ta.

"Alima, don Allah, ke in kin dube ni me kike gani?"

Ta lakaci yajin da yatsa ta ɗanɗana, ta yi tari.

"Ɗan Maimuna nake gani, Yaya, wanda har yau bai san awon barkono ba."

Ya yi dariya har ya dafa bango.

"Kalas, shi ke nan," ya ce. "Ki dawo Juma'a, zan rage miki."