Baitin Da Na Rera Ranar Kamun Aminiyata

A lokacin ni budurwa ce a Daura, littattafan soyayya sun gama tafiya da zuciyata. Ina da aminiya tun muna firamare, kuma akwai littafin da muke ji da shi, labarin ƙawaye biyu da zamani ya raba. A farkon shekarun Shari'a aka mayar da shi fim mai waƙoƙi. Da yake an fara ƙyamar finafinai, a ɗakin yayata muke kallon kaset ɗin, ƙofa a rufe. Baiti ɗaya ke sa mu hawaye: itaciyar da muka dasa tare, yau inuwarta na gidan wani.

A shekarar ne mahaifin aminiyata ya bar jam'iyyar da suka sha wahalarta tare da babana, amma mu muna ganin rigimar manya ba ta shafe mu ba. Kakata ta ji ina rera baitin ina wanke-wanke, ta ce in kama bakina, habaici ne ga masu sauya sheƙa, duk gari an sani. Na yi dariya, na ce Hajiya, ku komai siyasa ne, ai littafin babu jam'iyya a ciki. Ta ce littafi daban, masu fim daban, kuma a zamaninsu ƙawa takan san inda ke yi wa gidan ƙawarta ciwo.

Ranar kamun aminiyata, mata zalla a tsakar gida, na miƙe na rera mata baitin don miji zai tafi da ita Baure. Ban kai ƙarshe ba guɗa ta tsaya cak. Mahaifiyarta ta ajiye turaren da ke hannunta. Gwaggon amarya ta tambaye ni ko babana ne ya aiko ni in ci musu fuska. Na dubi aminiyata, ina jiran ta ce tare muka haddace shi. Ta ɗaga mayafi kaɗan, idonta jawur, ta ce a hankali, "Har da ke?"

Ba da ni aka kai ta ɗakinta ba. Daga baya na ba da haƙuri, ta ce ya wuce, amma har yau gaisuwar baƙuwa take yi mini. 'Yan'uwana mata, kafin ku ɗaga murya a gidan mutane, ku tambayi tsofaffi abin da suke ji a cikin waƙar. Ni ban saurara ba, ga shi baitin ya tabbata a kaina.